Babin da Babu a Littafin Sabitu

Manja aka aike shi ya sayo. Rahamatu ta ce kwalba ɗaya, ta ƙara da cewa kada ya tsaya hira, don ta san mijinta. Malam Mas'ud ya hau babur bayan la'asar ya nufi kasuwar Dutsin-Ma, kuma da manjan kaɗai ya dawo da shi, da babu wannan labari.

A gefen tasha akwai wani dattijo mai baza tsofaffin littattafai a kan buhu: ƙamus marar bango, littattafan jarrabawar da aka daina yi, mujallun da rana ta koɗar. Mas'ud malamin lissafi ne a sakandare, shekararsa talatin da tara, kuma bai taɓa iya wuce takarda bai leƙa ba. A ƙarƙashin wani littafin kiwon kaji ya hango koren bango. Yaro da sanda a kafaɗa, ɗan maraƙi a gabansa. Sabitu da Farin Maraƙi.

Ya tsuguna ya ɗauko shi, ya biya kuɗinsa.

Yana aji huɗu a firamaren Barkiya hedimasta ya ba shi irinsa kyauta, saboda ya zo na ɗaya. Wanda aka ba shin, gara ta riga ta cinye masa ƙarshe a kabad ɗin ofis. Kullum tsakanin magariba da lisha yakan karanta wa kakarsa Gogo, wadda idonta ya tafi, a gindin fitilar ƙwai. Gogo ba ta karɓar labarin da ya shigo babu sallama. Ko na boko ne, sai an buɗe mata shi kamar tatsuniya, ta amsa, sannan a ci gaba.

Akwai babin da ya fi so, wanda har yau yakan tuna shi kalma-kalma. Maraƙin ya gangara wani busasshen rafi, Sabitu ya bi shi. A gindin wata kanya ya tarar da mace zaune da ƙwaryar nono, ta kira shi da sunansa. Yadda suka ƙare ne kawai ya manta. Shekara talatin yana son ya sani.

Ya kai manjan, ya zauna a kan tabarma, ya karance littafin kafin a kira salla.

Ashe Sabitu yaro ne mai ban haushi. Yana gaida manya, yana wanke hannu kafin abinci da bayansa, yana kai shanun babansa rigakafi a kan lokaci. Maraƙin ya ɓace a shafi na talatin, aka same shi a na talatin da biyu cikin gonar maƙwabci, aka ba da haƙuri. A ƙarshe jami'in dabbobi ya yi jawabi.

Babu rafi. Babu kanya. Babu mace.

Ya bi lambobin shafi daga ɗaya zuwa arba'in da takwas, ba a yagi ko ɗaya ba. Sai ya samo bayani, kamar yadda ya saba: ƙwaƙwalwar yaro takan haɗa labarai biyu ta mai da su ɗaya. Bayanin ya gamsar da shi har ya ci tuwo.

Bayan magariba babu wuta. Ya kira 'yarsa Batula, mai shekara shida, ya ɗora ta a cinya a tsakar gida, ya kunna fitilar waya. Don raha, ya buɗe yadda ya saba buɗe wa Gogo.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Wace ce, Abba?" in ji Batula, tana waige.

Kafin ya yi dariya, aka amsa daga bayan katanga. Muryar mace, a hankali, kamar wadda ta daɗe a zaune.

"Ta zo mu ji ta."

Bayan katangar fili ne da ba a gina ba, sai tumfafiya da awakin unguwa. Mas'ud ya ɗauka wata mai wucewa ce ta yi barkwanci. Har ya ce, "Sannu, Hajiya." Ba a amsa ba.

Washegari da ya dawo daga sallar magariba, ya sami Batula zaune ita kaɗai da littafin a hannu, kansa a ƙasa. Ajinta ɗaya, ba ta wuce haɗa baƙi da wasali ba. Idonta a rufe.

"Sai maraƙin ya gangara rafi," take cewa, "Sabitu ya bi shi. Yashin da sanyi, ko da yake rana ta yini a kansa."

Haka jimlar take. Ko harafi ba ta canza ba.

Ya tambayi Rahamatu ko ta taɓa jin ya ba yarinyar wannan labari. Ta ce ita kanta ba ta taɓa jinsa ba. Ya tsuguna gaban Batula.

"Mamana, wa ya koya miki?"

"Ba kowa. A kunne yake zuwa."

Ya ɗora littafin a saman kabad. Da magariba ta gaba Batula ta ɗauki faifai ta riƙe kamar littafi, ta ɗora daga inda ta tsaya. Rana ta huɗu ya kai littafin murhu ya ƙone shi, yana jin kunyar kansa. Ya ci wuta kamar kowace takarda, kuma bai canza komai ba.

Ta daina cin tuwo. In an matsa mata sai ta ce ta sha nono ta ƙoshi, kuma bakinta yana ƙanshin kindirmo, alhali rabon gidan da nono an fi wata. Da safe Rahamatu takan sami yashi a tsakanin yatsun ƙafarta, da danshinsa, a gidan da ko'ina siminti ne, a tsakiyar bazara. Asibiti suka ɗebi jini, suka ce babu zazzaɓin sauro, babu taifot, a ba ta ruwa da yawa. Liman ya zo ya yi karatu a kanta. Yarinyar ta yi shiru cikin ladabi har ya shafa, sannan ta ci gaba.

Kullum Sabitu yana ƙara kusantar kanyar. A rana ta shida matar ta ɗago kai ta yi kira.

"Sai ta ce, taho, Batula."

Rahamatu ta saki ludayin da ke hannunta. Daga nan Sabitu bai sake fitowa a labarin ba.

Mas'ud ya kira yayarsa Murja, wadda ke aure a Kurfi. Bai kai rabin bayani ba ta katse shi.

"Wannan ba maganar waya ba ce. Ka taho da ita."

Ranar Asabar ya ɗora Batula a gaban babur suka tafi. Sun sami Murja tana matsar man gyaɗa, jikokinta biyu suna wasa a ƙofar ɗaki. Ta dubi ƙafar Batula, ta sunsuni bakinta, ta tura ta ɗaki, sannan ta goge hannu a zane.

"Kai da kake ganin ka fi kowa ilimi a gidanmu, ban taɓa gaya maka ba, don na san abin da za ka ce. Mas'udu, ba karatu kake yi ba."

"Kamar yaya, Yaya?"

"Kana kaiwa inda gara ta ci, sai ka lumshe ido ka zarce. Gogo ba ta gani, ta ɗauka a takarda yake. Ni ina gani, amma labarin da daɗi, sai na yi shiru. Har ranar da Gogo ta yi tari ba ta amsa maka ba, aka amsa daga bayan danga."

"Wata maƙwabciya ce."

"Gidanmu ne ƙarshen gari, ka manta? Daga mu sai dawa." Ta kalle shi. "Ranar nan kana cewa matar ta ɗage faifan ƙwarya, kuma kana miƙewa tsaye, Gogo ta lalubo ka ta kwaɗa maka mari. Kwana uku kana zazzaɓi. Kana warkewa ta sa aka kai ka Katsina wajen Kawu. Kai kana ta alfahari wai don ƙoƙarinka ne."

Shekara talatin yana wannan alfaharin.

"Gogo ta ce in ka buɗe tatsuniya, kira ka yi. Duk wanda ya amsa yana da haƙƙin ya ji ƙarshe. Ita ta raba ka da garin, ba ta iya rufewa ba. Kai kuma ka je ka sake buɗewa a gaban ɗiyarka."

"To mene ne ƙarshen?"

"Na tambaye ta. Ta ce ƙarshen wannan ba da baki ake ba da shi ba. Da ƙafa ne."

"Yaya, me zan yi?"

"Da na sani, da a waya zan gaya maka."

Inuwa ta riga ta cinye rabin tsakar gida. Murja ta ce su kwana. Ta faɗa da gaske, amma idonta yana kan jikokinta, waɗanda ke amsa duk abin da aka faɗa musu. Mas'ud ya gani. Ya duba agogo, biyar da rabi ta wuce kaɗan. Ya lissafa cewa zai isa gida kafin rana ta faɗi, kuma lissafin daidai ne, in babur ya yarda.

Hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba a son binta da yamma, saboda dalilan da kowa ya sani, masu ƙafa biyu da bindiga. Wannan tsoro Mas'ud ya fahimce shi, har ya ji kusan sanyi a ransa da yana da shi. Motoci sun ɗauke. Kwalta tana fitar da zafin yini. Gonaki a share, sai tarin kara da ƙaurin sassabe. Batula tana jingine a ƙirjinsa, ba ta da nauyi ko kaɗan.

A kan wata ƙaramar gada babur ɗin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ya sauke yarinyar ya tsayar da ita kusa da shi. Ya girgiza tanki, akwai mai. Ya zare fulogi, ya hura, ya goge a riga, ya mayar. Ya buga. Shiru. Ya sake bugawa har gumi ya shiga idonsa.

Can nesa, a wani ƙauye, ladan ya ɗaga murya. Kurciyoyin da ke kuka a kan gawo suka yi tsit lokaci ɗaya.

Sai ya ji ƙanshin. Yashi mai danshi, da tsamin nono.

Ya juya. Takalman Batula ne kaɗai a wurin, a jere.

Muryarta tana zuwa daga ƙarƙashin gada.

"Sai Batula ta ƙara taku ɗaya."

Ya gangara da gudu, ƙaya tana kama masa wando. Rafin a bushe yake, fari fat, kuma ƙafarsa tana taɓa yashin ya ji sanyi ya ratsa takalmi. Bai taɓa zuwa wurin ba. Ya san kowane dutse.

Ga kanyar.

Ga maraƙin a tsaye, cikinsa ba ya motsi.

Matar tana zaune a gindin bishiyar, ƙwarya a gabanta da faifai a kai. Ƙafafunta sun nutse a yashi har idon sawu. Yana ganin awarwaronta, yana ganin kitsonta, amma duk sanda ya kai ido fuskar sai ganinsa ya zame, kamar rubutun da aka goge da yawu.

Batula tana tsakaninsu. Takan faɗa, sannan ta taka.

Ya yunƙura ya kamo ta. Yashi ya riƙe shi. Ya ja ƙafa, ta ƙara nutsewa.

Ya kira sunanta. Ba ta waigo ba.

Ya fara Ayatul Kursiyyu, wadda ya haddace tun kafin ya iya ƙirga goma. Ya kai tsakiya, ya sami kansa a farko. Ya sake. Ya sake dawowa farko.

"Sai ta ƙara taku ɗaya."

Saura taku huɗu. Matar ta ɗora hannu a kan faifan.

Abin da ya rage masa na yara ne, kuma ya faɗe shi da dukan ƙarfinsa.

"Ƙurunƙus!"

Matar ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya sa riga a baibai.

"Mai bayarwa ke rufewa, Malam," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kuma sai an kai ƙarshe."

"Ki sake ta."

"Ban riƙe ta ba. Labari ke tafe da ita."

Saura uku.

"Ni na buɗe," ya ce. Muryarsa ta fito kamar ta mai mura. "Sau biyu. Nawa ne. Ita ko amsawa ba ta iya ba."

Hannun ya tsaya a kan faifan.

"To, bismilla."

Ya buɗe tatsuniyar karo na uku, ta amsa.

Niyyarsa ya ce Sabitu. Ya shirya sunan a baki.

"Sai Mas'ud," in ji harshensa.

Batula ta faɗi zaune a yashi, ta buɗe ido, ta fashe da kuka irin na yaron da aka tasa daga barci. Bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ba shi da lokacin jin daɗinsa, don yashin ya sake shi, ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta tana jiran ya faɗa mata inda za ta sauka.

Taku goma ne tsakaninsa da ƙwaryar. Ya ƙirga, don shi ne abin da ya iya.

"Sai Mas'ud ya taka rabin abin da ya rage."

Ƙafafun suka kai shi biyar, suka tsaya. Yanzu Batula tana gabansa kaɗan, in ya miƙa hannu zai kai. Sanyi yana fitowa daga ƙwaryar kamar daga bakin rijiya.

"Sai ya yi yaya?" in ji matar.

Bakinsa ya fara buɗewa. Ya cije harshe har ya ji gishirin jini. A saman gada wata babbar mota ta taho da ƙara, fitilunta suka share rafin, direban ya danna oda saboda babur ɗin da aka bari a hanya.

"Dare ya yi," ya ce, kamar yadda yakan ce wa Gogo in fitila ta fara lumshewa. "Sai gobe."



"Allah ya kai mu," ta ce.

Ya fizgi Batula ya saɓa a kafaɗa, ya hau gangaren da gwiwa da hannu ɗaya. Bai waiga ba. Babur ya tashi a bugu na farko.

Tun daga ranar Batula ta koma cin tuwo, har da neman ƙari. Ba ta tuna komai, sai dai takan tambayi inda takalmanta na makaranta suke. Maƙwabta sun lura Malam Mas'ud ya daina tsayawa hira bayan sallar magariba. Yana sallamewa yake tashi, ya wuce gida, ya shimfiɗa tabarma a gindin katanga.

Sau ɗaya ya gwada ƙin zama. Ya tsaya a masallaci da carbi, ya ce bari ya gani. Rahamatu ta kira shi a waya, ba ta yi magana ba, ta dai kara wayar kusa da yarinyar, wadda ta ajiye cokali ta lumshe ido. Da gudu ya iso, ƙafa ɗaya babu takalmi.

Ya gwada jan lokaci. Yakan sa Mas'ud na cikin labarin ya tsaya ya gyara hula, ya kalli sama, ya tuna ƙuruciya. Ana saurarensa daga bayan katanga da haƙuri, ba a taɓa katse shi ba. In ya gama sai a tambaye shi, sai ya yi yaya, kuma dole a taka. Shi kuwa kullum rabi yake bayarwa.

A aji ya sha koya wa ɗalibai cewa in kana raba tazara biyu kana taka rabi, ba za ka taɓa isa ba. A kan allo gaskiya ne, har yanzu yana iya nuna hujjar. Yau kwana goma sha ɗaya. Abin da ya rage tsakanin yatsunsa da bakin ƙwaryar bai fi ƙwayar dawa ba, faifan a ɗage yake, kuma yana jin numfashinta a bayan hannunsa. Abinci ya fara fita ransa.

Shekaranjiya ya zaunar da Rahamatu ya nuna mata inda takardun gida suke. Ya ce in wata magariba ta ji ya yi shiru a tsakiyar magana, kada ta leƙo. Ta toshe wa Batula kunne, ta fita da ita, ta nufi tasha, kuma ko wa ya yi musu magana a hanya kada yarinyar ta amsa.

"Zuwa ina, Malam?"

"Inda ya fi nisa."

"Kai da aka kai Katsina, ta hana?"



Yanzu duk magariba Rahamatu takan zauna a zaure da hijabi a jikinta, jaka a gefe, Batula a cinya da sababbin takalma a ƙafa. Muryar mijinta tana zuwa daga tsakar gida, a hankali, jimla bayan jimla. Ba ta bin labarin. Duk sanda ya tsaya jan numfashi, tafukanta sukan tashi su tsaya daf da kunnuwan yarinyar, har sai ta ji ya ci gaba.